Rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ₦ da sauran alamomi a manhajojin zane: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu haɗa fosta, katin gayyata, bana da sitika, musamman masu aiki da Photoshop, CorelDRAW, GIMP, Canva da PixelLab. Akasarinsu a kan haruffanmu masu lanƙwasa ne, sai alamar naira da rubutun ajami. An sa wa kowace lamba domin a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Me ya sa idan na rubuta ƙ ko ɗ sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinsu?

Kafin harafi ya bayyana a kan zane sai abubuwa biyu sun faru. Na farko, kwamfuta ta karɓi lambar harafin a tsarin Unicode, tsarin da ya ware wa kowane harafi lambarsa. Na biyu, salon haruffan da ka zaɓa, Arial ne ko Impact ko wani, ya fito da surar da aka zana wa wannan lamba. Idan ka ga akwati, harafin ya shiga lafiya lau, salon ne ba shi da surarsa. Wanda ya ƙera salon bai zana ƙ ba, sai aka miƙo maka akwatin da ya tanada domin duk harafin da bai sani ba.

Saboda haka kada ka ɓata lokaci wajen sauya kibod ko sake girka manhaja. Zaɓi rubutun ka mayar da shi Arial ko Tahoma. Idan ƙ ta fito, ka kama mai laifi, sai ka wuce tambaya ta 7. Idan kuwa a Arial ɗin ma wani abu daban ka gani, kamar S ko }, to wajen shigarwa aka sami tangarɗa; duba tambaya ta 4 da ta 12.

2. Wace hanya ce ta fi sauƙi ga mai aiki da Windows kullum?

Ka saka kibod na Hausa, wanda ke cikin Windows tuni, ba sai ka sayi komai ba. Shiga Settings, sannan Time & language, ka ƙara Hausa a jerin harsuna. Daga nan maɓallin Windows da na tazara, idan ka danna su tare, za su riƙa sauya maka tsakanin Turanci da Hausa. A kibod ɗin Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka danna b, d, k ko y, sai ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ya fito. Ka haɗa da Shift idan babban baƙi kake so. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, mai ɗauke da kibod na harsunan Afirka da dama.

Abu ɗaya kan kawo cikas. Windows na isar da Alt na dama tamkar an danna Ctrl da Alt tare, manhajojin zane kuwa cike suke da gajerun hanyoyi masu fara da waɗannan biyun. Idan ka danna sai wata taga ta buɗe maimakon harafi ya fito, rubuta duk bayanin a Notepad ko Word, ka kwafo ka liƙa. A ganina wannan ma ya fi a kowane hali: ka gama rubutu da gyaransa a waje, mai aikin ya karanta ya amince, sannan ka shigo da shi cikin zane.

3. Mene ne lambobin haruffan Hausa a Unicode?

Ga su, lambar Unicode a farko, sai lambar da ake haɗawa da Alt a Word:

Ɓ 0181 (385), ɓ 0253 (595)
Ɗ 018A (394), ɗ 0257 (599)
Ƙ 0198 (408), ƙ 0199 (409)
Ƴ 01B3 (435), ƴ 01B4 (436)
₦ 20A6 (8358)

A Word ko LibreOffice, rubuta 0253 ka danna Alt da X, nan take ya koma ɓ. Idan harafin a tsakiyar kalma yake, kamar a "haɓa", manhajar za ta iya haɗa a ɗin da ke gabansa cikin lambar, don haka rubuta U+0253 a cike. Lura kuma da yadda ɓ da ɗ suka yi nisa da 'yan uwansu a lamba. Su biyun suna rukunin haruffan furuci na IPA, sauran shidan kuma suna rukunin Latin Extended-B. Shi ya sa za ka sami salon da ke da ƙ da Ƙ da Ɗ amma ba shi da ɗ, abin da ke rikita mutane da yawa.

4. Na riƙe Alt na buga 595 a Photoshop, sai S ta fito. Ina kuskuren?

Ba kuskurenka ba ne. Tsohuwar dabarar Alt an gina ta ne a kan gurabe 256 kacal. Word ya san yadda zai wuce wannan iyaka, amma yawancin manhajoji sai su yi ta cire 256 daga lambar har ta shiga iyakar. Cire 512 daga 595, saura 83, lambar S ke nan. Haka 599 ke komawa W. Don haka lambobin da ke cikin baka a tambaya ta 3 na Word ne, ba na Photoshop ba.

Waɗanda ke aiki a ko'ina su ne masu fara da sifiri da ba su wuce 0255 ba: © 0169, ® 0174, ™ 0153, ° 0176, • 0149, × 0215, £ 0163, € 0128. Masu haɗa Hausa da Faransanci a Maradi, Damagaram ko Yamai za su buƙaci é 0233, è 0232 da ç 0231. Sharaɗi shi ne a buga su a lambobin gefen dama na kibod, Num Lock kuma a kunne. Idan laftof ɗinka ba shi da wannan sashe, tambaya ta gaba ta fi maka amfani.

5. Akwai wurin da zan ga alamomin da idona in zaɓa?

Akwai. A Photoshop, daga fitowar CC 2015 zuwa sama, shiga Window ka zaɓi Glyphs. Taga za ta buɗe ta nuna maka duk surorin da ke cikin salon da kake kai. Ajiye alamar rubutu inda kake so, ka danna surar sau biyu. Layin sama yana riƙe waɗanda ka yi amfani da su kwanan nan, don haka wahalar nema sau ɗaya ce. Wannan taga kuma ita ce alƙali: abin da ba ka gani a cikinta ba, babu shi a salon. A CorelDRAW, Ctrl da F11 ke buɗe makamanciyarta. Illustrator da InDesign ma suna da Glyphs.

Masu Photoshop CS6 da na ƙasa da shi, kuma suna da yawa a shagunanmu, ba su da wannan taga. Sai su koma Character Map na Windows: danna maɓallin Windows da R, rubuta charmap, sa alama a Advanced view, ka buga lambar a akwatin Go to Unicode, sannan Select da Copy. Idan ka kunna tarihin kwafi da maɓallin Windows da V, za ka iya kafe haruffan su zauna a can, ko an kashe kwamfuta ba za su goge ba.

6. GIMP, Inkscape da kwamfutar Mac fa?

Su ne ma suka fi sauƙi. A GIMP, kana cikin rubutu, danna Ctrl, Shift da U tare, buga lambar Unicode kamar 0199, ka danna Enter. A Inkscape Ctrl da U ne kawai. A Mac, Control da Command da maɓallin tazara na buɗe tagar alamomi, ko ka ƙara kibod mai suna Unicode Hex Input, ka riƙe Option ka buga lambobi huɗun.

7. Waɗanne salon haruffa ne ke da haruffanmu a cike?

Cikin waɗanda ke zuwa da Windows na zamani akwai Arial, Times New Roman, Tahoma da Segoe UI. Cikin na kyauta da za ka sauko da su akwai Noto Sans da Noto Serif na Google, DejaVu Sans, sai na SIL: Charis, Doulos, Gentium da Andika. Andika an tsara shi ne musamman domin masu koyon karatu, don haka shi nake ba wa duk mai haɗa littafin yara ko allon koyarwa na firamare shawara. Noto Sans kuma yana da kauri iri-iri, daga siriri har zuwa jibgege, wanda zai iya ɗaukar kanun bana ba tare da ka koma Impact ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne salon ado, irin masu kama da rubutun hannu da ake so a katin ɗaurin aure. Mafi yawansu an yi su ne domin Turanci da harsunan Turai, ba su san da zamanmu ba. Kafin ka fara zane, liƙa wannan layi ka gwada salon da shi: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ ₦. Gwada shi a mai kauri da mai karkata ma, domin kowanne fayil ne mai zaman kansa. Shafin Google Fonts na ba ka damar liƙa rubutunka ka gani tun kafin ka sauko da komai. Gwajin bai kai minti ɗaya ba, kuma ya fi ka gama kwalliya tsaf sannan ka tarar sunan amarya ba zai rubutu ba.

8. Harafin ya fito, amma ya bambanta da sauran: ya fi siranta ko ya fi tsawo. Me ya faru?

Manhajar ce ta yi maka aro. Da ta ga salon ba shi da ɗ, sai ta ɗauko daga wani salo ta cike gurbin ba tare da ta faɗa maka ba. Canva da manhajojin waya na yawan yin haka. A ƙaramin allo ba lallai ka lura ba, amma idan aka buga shi a bana mai faɗin mita uku, har daga tsallaken titi za a ga harafi ɗaya ya fita zakka. Ƙara girman zanen sosai ka duba kowane mai lanƙwasa. Maganin shi ne ka sauya salon layin gaba ɗaya zuwa ɗaya daga cikin na tambaya ta 7, ko ka bi hanyar tambaya ta 14.

Hakan na faruwa kuma idan ka danna maɓallin mayar da rubutu manyan baƙaƙe: salon na da ƙ amma ba shi da Ƙ, sai kalmar da ke lafiya ɗazu ta lalace.

9. To ba sai in rubuta k da d kawai in huta ba? Ai kowa zai gane.

A saƙon waya wataƙila a gane. A kan fosta, inda kalmomi ba su da yawa kuma babu dogon zance da zai fayyace manufa, lanƙwasar ce ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Katin da ya ce za a yi "fada" ko "faɗa" ba saƙo ɗaya yake ɗauke da shi ba. Sunayen mutane da garuruwa ma haka: Ɗanjuma, Ɗanbatta, Ƙaura, Ƙofar Mata. Ba wanda zai karɓi kati da aka ɓata sunan mahaifinsa da Turanci, ban ga dalilin da zai sa a karɓa da Hausa ba.

Akwai wani abin da ke damuna fiye da wannan. Yara da yawa sun fi ganin Hausa a rubuce a jikin bana, kalanda da bayan Keke Napep fiye da a littafi. Abin da mai zane ya buga, shi suke ɗauka daidai. Dabarun k' da d' ko sa q a madadin ƙ sun yi amfaninsu lokacin da ba yadda za a yi. Yanzu akwai yadda za a yi, kuma kyauta ne.

10. Da waya nake aiki, PixelLab da Canva. Yaya zan yi?

Shigarwa ba matsala: ƙara Hausa a kibod ɗin waya na Gboard ko SwiftKey, ka danne b, d, k ko y na ɗan lokaci, mai lanƙwasar zai fito. Matsalar dai ta salon haruffa ce. PixelLab na karɓar fayil ɗin salo daga ma'ajiyar waya, don haka sauko da Noto Sans ko Andika ka shigar ta sashen My fonts. A Canva, ɗora salo na kanka sai mai asusun biya, amma akwai Noto a cikin na kyauta. Rubuta sunan a akwatin nema. Bayan ka fitar da hoton, buɗe shi ka ƙara girma ka sake dubawa, kamar yadda aka ce a tambaya ta 8.

11. Alamar naira, da waƙafin sama na 'yan da 'ya'ya: me ya sa suke ba da wahala?

Alamar ₦ lambarta 20A6, kuma salo da yawa ba su da ita, shi ya sa ake ganin N ko # a fostocin farashi. N ta fi # sau dubu, domin # ba ta da alaƙa da kuɗi ko kaɗan. Idan salon ba shi da ₦, ba laifi ka ɗauko ta daga wani salo mai kama da shi ka daidaita kauri, tunda ita kaɗai take tsayawa gaban lamba, ba a tsakiyar kalma ba. Sidin Gana ₵ ce, 20B5. Sefa kuwa ba ta da alama ta musamman, haruffa ake rubutawa.

Shi kuwa waƙafin sama, Photoshop da Word na da ɗabi'ar lanƙwasa shi da kansu. Idan ya zo a farkon kalma sai su zaci buɗe zance za ka yi, su juya shi baibai: ‘yan maimakon ’yan. Gyara shi da Alt 0146, ko ka cire alamar Use Smart Quotes a sashen Type na Preferences. Idan aikin na Nijar ne, tambayi mai shi tun farko, domin a can ƴ ake rubutawa: ƴan, ƴaƴa. Kada ka gauraya biyun a zane ɗaya.

12. An turo mini rubutu cike da }asa, ]aya, ~angare, ko qasa, xaya, vangare. Ya lalace ne?

Bai lalace ba, tsohon tsari ne. Kafin Unicode ya yaɗu, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙera salon haruffa na musamman domin Hausa, kamar Rabi'at da Abdalla, kuma sun yi wa harshen babbar hidima. Dabarar irin waɗannan salo ita ce a zana ƙ, ɗ da ɓ a gurbin wasu maɓallai da Hausa ba ta cika buƙata ba. Muddin kana da salon, rubutun zai fito daidai. Da ka sauya salo, sai asalin abin da aka danna ya bayyana. Har yanzu wasu marubuta da maɗaba'u na aiki da su.

Hanya biyu ce. Ko ka nemi a turo maka fayil ɗin salon ka tsaya a kansa, ko ka kai rubutun Word ka yi amfani da Find and Replace, ka mayar da } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ. Ta biyun ta fi, domin daga nan kowane salo mai kyau zai karɓe shi. Idan irin na q, x da v ne, sa alama a Match case domin manya da ƙanana, kuma ka kula da kalmomin Turanci da ke ciki, kada "video" ya koma "ɓideo".

13. Na liƙa Larabci ko ajami, haruffan sun rarrabu kuma sun juya. Ina mafita?

Injin rubutun manhajar ne bai san daga dama ake farawa ba, bai kuma san haruffan na haɗuwa ba. A tsofaffin Photoshop, shiga Preferences, sashen Type, ka zaɓi injin Middle Eastern, ka rufe manhajar ka sake buɗewa, sannan ka buɗe sabuwar leyar rubutu. Daga Photoshop 2022 an haɗe injinan, sai dai ka kunna Middle Eastern Features a ƙarƙashin Type da Language Options domin maɓallin dama zuwa hagu ya bayyana. GIMP da Inkscape na haɗa haruffan da kansu.

Ga ajami, SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka tsara a kan salon rubutun Kano, da Harmattan, na rubutun Afirka ta Yamma. Su ne za su ba ka kamannin rubutun allo da aka saba da shi, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, bisa al'adar Warshu. Unicode ya ƙara haruffa na musamman domin rubutun Warshu a 2016. Alamar ﷺ harafi guda ce, FDFA, ﷻ kuma FDFB, Bisimilla a dunƙule FDFD. Amiri da Scheherazade New na cikin salon da ya kamata ka fara gwadawa. Idan aya ce ko hadisi, kada ka dogara da idonka kaɗai. Wasali ɗaya na iya gocewa wajen liƙawa, don haka kai wa malami ya duba kafin a buga, musamman abin da za a rataye a masallaci ko makaranta.

14. Mai aiki ya nace sai wani salon ado, kuma ba shi da lanƙwasa. Zan iya zana ta da hannu?

Za ka iya, idan kalmomi kaɗan ne, kamar tambari ko kanun fosta. Rubuta kalmar da k, d ko b, ka rubuta f na wannan salon a gefe, ka mayar da su duka zane: Convert to Shape a Photoshop, Ctrl da Q a CorelDRAW. Yanke kan f ɗin ka ɗora a saman sandar harafin. Tunda salo ɗaya ne, kauri da lanƙwasa za su dace, fiye da ka ja layi da kanka. A ƙananan ɓ, ɗ da ƙ ƙugiyar dama take kallo. A manyan Ɓ da Ɗ ta hagu take fitowa, a Ƙ kuma a hannun sama na dama take. Buɗe Noto Sans a gefe kana kwaikwayo, kuma ka matsar da harafin da ke biye kaɗan kada ƙugiyar ta hau kansa.

Idan rubutun mai yawa ne, wannan hanya za ta cinye maka yini. Akwai FontForge, manhajar kyauta da ake ƙara harafi a cikin salo da ita, amma duba lasisi tukuna. Masu lasisin OFL, wato lasisin salon haruffa na kyauta, sun yarda a gyara, wani lokaci da sharaɗin a sauya suna. Na sayarwa galibi ba su yarda ba.

15. Alamar waya, ambulan da tambarin WhatsApp fa, haruffa ne?

Wasu haruffa ne: ☎ 260E, ✉ 2709, ✓ 2713, ★ 2605, kuma Segoe UI Symbol na da su. Na Wingdings kuwa irin dabarar tambaya ta 12 ce, da ka sauya salo za su koma baƙaƙen Turanci. Tambarin WhatsApp, Facebook da Instagram ba sa cikin Unicode. Shigo da su a matsayin hoton SVG ko PNG.

16. A kwamfutata komai daidai, amma da aka buga sai lanƙwasar ta ɓace. Yaya zan hana hakan?

Kwamfutar mai bugawa ba ta da salon da ka yi aiki da shi, sai manhajarsa ta musanya da wani, shi kuma ya danna OK ya wuce. Fayil ɗin PSD na Photoshop ko CDR na CorelDRAW mai rubutu a buɗe yana dogara ne da abin da ke cikin kwamfutar da aka buɗe shi. Kafin ka tura, mayar da duk rubutu zane: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl, Shift da O a Illustrator, Convert to Shape a Photoshop, Object to Path a Inkscape. Daga nan babu abin da zai taɓa surar haruffan. Amma ka ajiye kwafi guda mai rubutu a buɗe, domin da zarar an mayar da shi zane ba ya gyaruwa, kuma masu biki ba sa rasa sauya rana ko wuri.

PDF ma hanya ce mai kyau, idan an cusa salon a cikinsa lokacin fitarwa. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin Document, domin hoto na yau da kullum matse shi ake yi, kuma siraran wurare irin ƙugiyar ɗ su ke fara dusashewa. Ga aiki mai yawa, kamar kati 500 ko kalanda, nemi a fitar maka da guda ɗaya tukuna, ka bi sunaye da farashi harafi bayan harafi, mai aikin ya sa hannu a kai, sannan a saki inji.